Shayin Kawu

Wata takwas ke nan Dogo bai sa ƙwaya a bakinsa ba. Ranar da aka sallame shi daga asibitin masu shaye-shaye, kawunsa ne ya je ɗauko shi, har da ƙwalla. Shi ne kuma ya ba shi aiki a filinsa na buga bulo. Surukinsa magana ɗaya ya yi: in gwajin fitsari na ranar Litinin ya fito fes, matar Dogo da 'yarsa za su dawo. Dogo har ya yi wa ɗakin fenti.

Kullum da safe Kawu kan zo da ƙaton fulas na shayi, ya zuzzuba wa leburori. Dogo ba ya sha, sukari ba ya masa daɗi. Amma ranar Asabar aka kawo aikin bulo dubu biyu, kafin hantsi bayansa ya riƙe, ko shebur ya kasa ɗagawa.

"Zo nan, ɗana," in ji Kawu. "Kurɓi wannan ka ji ɗumi."

"Yau ustazu ya shigo layi," wani lebura ya ce, sauran suka tuntsire da dariya.

Dogo ya shanye. Akwai ɗan ɗaci can ƙarƙashin zaƙin.

Ba a yi awa ba ciwon ya tafi. Wani ɗumi ya taso masa daga ƙeya, hancinsa ya soma ƙaiƙayi, bakinsa ya bushe. Jikinsa ya riga shi ganewa. Ya jingine shebur.

A ɗakin siminti ya tarar da Kawu yana ɗauraye fulas. Ga fankon takardun ƙwaya a bayan buhu.

"Kawu, me ke cikin shayin nan?"

"Ganye da sukari."

"Kawu."

"To, ɗan abin ƙarfi ne. Da me kake so a buga bulo dubu biyu, da fatan alheri?"

"Jibi ne gwajina. Ka sani."

"Sai ka yi ta ɗirkar ruwa. Ko in samo maka fitsarin wani, haka direban tifa yake yi."

"Kai ka kai ni asibiti. Kai ka yi kuka."

"Na yi. Ai wancan shan iskanci ne, wannan na aiki. Koma ka gama, siminti na bushewa."

Ranar Litinin surukinsa na zaune a bencin asibiti, hula a gwiwa. Dogo ya durƙusa gabansa, 'yar kwalbar da aka ba shi a hannu.

"Baba, gara ka ji daga bakina. Za a ga ƙwaya."

Tsohon ya dube shi. "Wa ya ba ka?"

"Kawuna. A shayi, ban sani ba."

"Wancan karon ka ce abokai ne. Yanzu kuma mutumin da ya tsaya maka lokacin da kowa ya gudu." Ya sa hularsa. "Da ma ka ce kai ne, da na ga mutuncinka."

Ya fita bai waiwayo ba.

Dogo ya koma ɗakinsa. Warin fenti bai gama fita ba. A gefen gado ga 'yan takalman da ya saya wa 'yarsa, har yanzu a leda. Ya zauna yana kallonsu, bayansa na sara, harshensa kuwa sai laluben ɗacin nan yake a dasashi.

Gobe ƙarfe bakwai Kawu zai buɗe fulas.