Ranar da Aka Kunna Empi a Gaban Baba

A gidanmu na Nahuce rediyo ɗaya ce, kuma ta Baba ce. Da gari ya waye yake rataye ta a jikin darbejiyar tsakar gida, ta wuni tana surutu. Sanarwar rasuwa, cigiyar akuya, sai gaishe-gaishe: wane na Bungudu yana gaida wance ta Tsafe, wance kuma tana gaida duk wanda ya san ta. Kowa a gidan da ita yake wuni. Ni kaɗai na fita daga sahu.

Sunana Mansura. Na gama sakandare da sakamakon da ba na jin nauyin nuna wa kowa. Na rubuta jarrabawar shiga makarantar ungozoma a Gusau, ban samu ba. Matan yayyena sun zuba ido su ga na yi kuka. Ban yi ba. Na je wajen yayata Hafsat da ke aure a Gusau, ta ba ni wata 'yar empi, na'urar sauraron sauti, wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba, muka cika memorinta da fodkas, wato shirye-shiryen magana da mutum yake saukewa ya ji lokacin da ya ga dama. Nawa duk na ungozomomi ne da likitoci, da Turanci. Duk zuwan da zan yi Gusau sai na sake lodi.

Wayar iyafis ɗin, abin sawa a kunne, ta ƙarƙashin hijabi nake bi da ita. Da ita nake surfe, da ita nake ɗebo ruwa, da ita nake tsinkar wake. Darasi ɗaya sai in maimaita shi har in riga mai maganar ƙarasa jimla. A bakin rijiya aka sa mini suna kurmar gidan Labbo, wato gidan Baba. Wasu suka ce likitar turmi. Ina jin su sarai, domin kunne ɗaya kawai nake toshewa. Ɗayan na Kaka Tambaya ne, mahaifiyar Baba, wadda ta rene ni tun da innarmu Mairo ta rasu wajen haihuwa ina ƙarama. In ta kira sau ɗaya ban amsa ba, na biyun da muciya take zuwa.

Abin da ya fi ci wa mutane rai ba rashin jin gaisuwa ba ne. A wajenmu abin ji kamar abinci yake. Ba ka zama kai kaɗai ka ci ba tare da ka ce wa na kusa bismilla ba. Rediyo kowa take ciyarwa. Ni kuwa ina ci a ɓoye, ina murmushi ni kaɗai, kuma ba wanda na yi wa tayi.

Baba bai taɓa hana ni ba. Ya ce in an gama yankan gero zan koma Gusau in sake rubuta jarrabawar. Wannan alkawarin shi ne duk abin da na mallaka, kuma na riƙe shi da hannu biyu.

Ana cikin ɗaurin dammuna sai ga Baffa Haliru, ƙanen Baba, ya iso daga Kucheri. Ina sheƙa a bayan rumbu, na ba ƙofa baya. Ya yi sallama, rediyo tana ta gaishe-gaishenta, na amsa a makare. Na durƙusa na gaishe shi, sai wayar ta zamo daga cikin hijabi tana lilo.

"Mi na wanga?" in ji shi.

"Karatu ne, Baffa."

"Karatu a kunne? Mu da ido muka san ana yi nai."

Bayan la'asar aka kira ni ƙofar turakar Baba. Baba yana kan buzu, Baffa yana kan tabarma, Kaka ta jawo kujerarta ta 'yar tsugunno ba tare da an gayyace ta ba. Matan yayyena kuwa kowacce ta samo aikin da sai a kusa da wurin za a yi shi.

Baffa bai yi kwana-kwana ba. Ya ce zancen ya kai har kasuwar Tsafe, cewa ɗiyar Malam Labbo tana yawo da muryar namiji cikin kunne. Ya ce wani ne a Gusau yake naɗo mata magana, jarrabawa kuwa hanyar zuwa wurinsa ce.

"Yaya, ka amshe abin ga," ya ce. "Gusau kuma a bar zancenta."

Baba ya dube ni. Mutum ne mai sanyi, amma ba ya son a ce gidansa ya shiga bakin kasuwa. Ya miƙo hannu, na ɗora masa empi ɗin.

"In na ce ba haka ba ne, magana ce kawai," na ce. "A kunna kowa ya ji."

Na zare iyafis, na danna, na ajiye ta a tsakiyar tabarma. Da ma na san Allah yana jarraba bayinsa. Abin da ya fara fitowa dariyar namiji ce, mai kauri, irin ta wanda ya ci ya ƙoshi. Sannan ya shiga Turanci.

Baffa ya tafa hannu. "Kun ji ko! Har dariya shikai mata!"

"Likita ne, Baffa. Ga mace nan za ta yi magana."

"Ita ce 'yar aike ke nan."

Wata daga cikin matan yayyena ta yi tari don ta danne dariya. Baffa ya ce a kira Malam Anas na firamare ya fassara. A nan na ɗaga kai.

"Ba za a kira baƙo ya yi mini shari'a a gidan ubana ba. Ni zan fassara."

Sai da na faɗi haka na saurara da kyau na gane darasin da aka faɗa ciki. Darasin zubar jini ne bayan haihuwa. Budurwa ba ta ambaton ko ciki a gaban mahaifinta. In wata ta haihu a gidanmu, cewa ake yi an sauka, a wuce wurin. Yanzu ga ni durƙushe gaban Baba da ƙanensa. In na yi shiru, an tabbatar da zancen Baffa, Gusau ta wuce ni. In na buɗe baki, zan faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba a ƙofar turakar nan.

Na kafa idona a kan saƙar tabarma, na fara.

"Yana cewa, in mace ta haihu, mahaifarta ya kamata ta dunƙule ta yi tauri. In ta saki ta yi laushi, jini ba zai tsaya ba."

"Subhanallahi!" Baffa ya ja da baya. "Ke! Gaban ubanki?"

"Kai ka ce a fassara, Baffa." Na danna, muryar ta ci gaba, na tsayar. "Ita kuma tana cewa a ɗora hannu ƙasan cibiya a murza har a ji ta yi tauri. A sa jariri a nono. A duba mabiyiya a ga ko ta fito duka, domin ko guntu ya rage a ciki zai iya jawo zubar jini."

Matan yayyena suka watse kamar an watsa musu ruwan zafi. Baffa ya toshe kunne da yatsu biyu, ya ce ashe abin ya fi wanda yake zato muni, yarinya ta ƙago batsa don ta rufe asirin saurayi.

"Haliru, cire hannunka ka ji ni," in ji Kaka. Ba ta ɗaga murya ba. "Yarinyar ga ba ta taɓa leƙa ɗakin haihuwa ba, ni na hana ta. Wa ya gaya mata ana duba mabiyiya? Kai? Ko saurayin naka ungozoma ne?"



Kaka ta juyo gare ni. "Ke mai kunnen ƙashi, mi suka ce kuma?"

Na saurara. Na so in tsallake wannan, amma ban saba tsallake darasi ba.

"Sun ce kada a zauna ana jira ana cewa ƙazanta ce ke fita. In zane ya jiƙe, aka canza, wani ya jiƙe, a nemi mota tun matar tana iya magana."

Rediyo daga jikin darbejiya tana karanta sunayen masu gaisuwa. Kaka ba ta kiran sunan Baba, ɗan farinta ne, ko kallonsa ba ta cika yi ba. Ranar ta dube shi.

"Haka Mairo ta yi," ta ce. "Tana magana har muka kusa Bungudu."

Baba ya miƙe. Na ɗauka ficewa zai yi, na ce a raina shi ke nan, na ci shari'a na rasa uba. Ya nufi darbejiya, ya sauko da rediyon, ya kai ta bakin zaure ya ajiye, ya murɗa ta har ƙarshe. Duk mai wucewa a waje babu abin da zai ji sai wane yana gaida wance. Sannan ya dawo ya zauna a kan buzunsa, ya juya fuska ga bango.

"Ƙarasa," ya ce.

Na ƙarasa. Baffa ya tuna yana da wanda zai gani a masallaci tun kafin a kai rabi.

Da darasin ya ƙare, Baba ya tura mini empi ɗin da ɗan yatsa, bai juyo ba.

"Ki riƙa amsa sallama da wuri," ya ce. "Ranar tafiya ni zan kai ki bakin titi."

A bakin rijiya sunana ya canza. Yanzu ni ce marar kunyar gidan Labbo. Ya fi kurma daɗin ji, kuma na lura masu faɗinsa da ƙarfi su ne suke raɓo ni in ba kowa, su tambaya ko gaskiya ne abin da aka ce game da zane na biyu. Kaka kuwa ta ƙwace mini kunne ɗaya na iyafis. Ba ta jin Turanci, amma ta ce muryar likitan ta yi mata, in yana neman mata a faɗa masa tana nan.

Da aka gama shigar da gero rumbu, Baba ya ɗauko ni a babur har bakin titin Gusau. Rediyonsa tana rataye a wuyansa tana sanarwar ɓatan tunkiya. Mota ta zo ta tsaya. Ya dubi wayar da ta leƙo daga hijabina.

"Kin yi mata caji?"

"Ta cika, Baba."

Na shiga na zauna kusa da taga, na sa kunne ɗaya, na koma farkon darasi.