Kabari Biyu na Lemuel Tillery

Kwana arba'in da ɗaya ke nan da ayarin ya ƙetare kogin Missouri ya miƙa yamma yana bin gaɓar kogin Platte, ranar da ciwon ya shiga amalanken Tillery. Amalanke goma sha tara ne a ayarin, kowanne da rumfarsa ta farin zane da bijimai shida, kuma kafin nan amai da gudawa ya riga ya ɗauke musu mutum bakwai.

Lemuel Tillery ya tashi garau ran Talata, ya ɗaura wa bijimansa karkiya yana fito. Da rana ta take ya fara ratsewa bayan ciyawa. Wayewar garin Laraba matarsa Orpha ta dube shi ta ga idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun yi shuɗi, fatar yatsunsa ta yamutse kamar ta wanda ya wuni yana wanki. Ta ga irin wannan fuskar sau bakwai, ba ta buƙaci a gaya mata komai ba.

Madugun ayarin, Burdett, ya zo da malafarsa a hannu ya tsaya nesa kaɗan.

"Matar Tillery, yaya mai jiki?"

"Ga shi nan kana gani."

"Na gani." Ya yi ta juya malafar. "Mun yi shawara da maza, ba za mu iya wuni a nan ba. Ayari uku na gabanmu suna cinye ciyawa, ruwan wurin nan kuma shi ke kashe mu. In muka yi ta tsaye-tsaye ƙanƙara za ta rufe mu a duwatsu."

"Kwana ɗaya kacal nake roƙo, Madugu."

"Wancan makon Amos ya roƙe ni kwana ɗaya saboda matarsa, na hana shi. In na ba ki, da wane ido zan dube shi?"

Abin da dai maza suka iya yi mata shi ne suka haƙa kabari a gefen hanya, don kada aikin ya rage wa mace. Lemuel yana kwance cikin amalanke, yana jin ƙarar shebur.

"Orpha, me ake haƙawa?"

"Murhu ne za su yi."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba, yarinyar nan." Muryarsa ta dushe, amma sai da ya yi murmushi. "Ce musu su ƙara tsawo. Ni ba guntu ba ne irin Burdett."

Ta juya masa baya ta cusa gefen zanen wuyanta a baki.

'Yarsu ɗaya ce, Delia, mai shekara bakwai. Lemuel ya hana a kawo ta kusa da shi. Aka tsayar da ita can wajen taku ashirin, aka ɗaga rumfar baya, ya ɗaga mata hannu da ƙyar. Yarinyar ta ɗaga nata, tana kallon uwarta don ta san ko kuka ya kamata ta yi. Maƙwabciyarsu Almira ta ja ta zuwa nasu amalanken, ta ce za ta riƙe ta har su cim musu.

Ana shirin tashi sai ga uwar Almira, tsohuwa Keziah Pruitt, tana ɗingishi da ƙunshin kayanta, lofen tabarta a baki.

"Matsa mini in zauna. Surukina ya gaji da bakina, ni ma na gaji da fuskarsa."

"Inna, ciwon nan kamawa yake."

"Ya kama mana. Me zai samu a jikina, ƙashi?"

Bulala ta yi ƙara, ƙafafun amalanke suka fara kuka ɗaya bayan ɗaya. Orpha ta tsaya tana kallon fararen rumfunan suna ƙanƙancewa a cikin fili marar itace ko ɗaya, har ya zama ƙurarsu kaɗai take gani, daga baya ita ma ta kwanta.

Kowa ya ɗauka kafin rana ta karkata za a gama. Amma Lemuel ƙaƙƙarfan mutum ne, shekara goma sha biyu yana saran daji a Indiana. Ya wuni, jijiyoyin ƙafarsa suna ɗaurewa, Orpha tana murza masa su tana ɗiga masa ruwa da cokali. Tsohuwa ta tsinto busasshen kashin ɓauna ta hura wuta ta dafa kofi, ba wanda ya sha. Duk sanda Orpha ta fito zubar da kwano sai idonta ya tafi yamma. Ko Delia ta ci abinci? Ko ita ma cikinta ya fara juyawa a can cikin mutane? Can da la'asar ta ji wani tunani ya ratsa ta: in dai tafiyar zai yi, me yake jira? Ta tsorata da kanta ƙwarai, ta koma ciki da sauri ta kama hannunsa ta riƙe gam.

Safiyar Alhamis yana nan da ransa. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Ɗaura wa bijimai karkiya."

"Ba inda za ni."

"Ai ban ce ki bar ni ba. Kwance nake a nan, kwance zan kasance a can. In ayari ya ba ku tazarar kwana uku ba za ku taɓa cim masa ba, Delia kuwa ba ta da kowa sai ke."

"Girgizar hanya za ta ƙarasa ka, Lem."

"To da nan gyara ni ake yi?"

Tsohuwa ta cire lofe ta ce, "Gaskiya mijinki ya faɗa, ko da yake bai cika faɗar ta ba. Tashi."

Orpha ta sha ganin Lemuel yana yi, amma ba ta taɓa ɗaga karkiya da hannunta ba. Sai da ta kusa awa biyu tana fama, wani bijimi ya taka mata ƙafa, tsohuwa tana zaginsu har kakanninsu. Mai korar bijimai a ƙasa yake tafiya, a gefen hagu, ba ya ganin abin da ke cikin rumfa. Ta leƙa ta ce wa tsohuwa, "Inna, in kin ga ya canza ki kira ni. Don Allah ki kira ni." Suka tashi, suka bar kabarin buɗe a bayansu.

Ta yi ta tafiya a rana, yashi yana cika mata takalmi, sauro da ƙudaje suna bin ta. Bijiman sun san ba ubangidansu ba ne, sai su tsaya kiwo, ta daka tsawa har maƙogwaronta ya bushe. Sau biyu tana ɗaga murya, "Inna, yaya?" Sau biyu tsohuwa tana amsawa, "Ja mu je." Sai da rana ta yi sanyi suka iso wani ɗan rafi mai ruwa garai-garai. Orpha ta ɗebo a moɗa ta zagayo baya da sauri.

An riga an rufe masa fuska da bargo. Ta taɓa hannunsa, ya sandare.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin rana ta take."

"Na ce ki kira ni! Inna, na roƙe ki! Ina nan taku biyar da shi ina zagin shanu!"

"Shi ya hana. Ya ce in na tsayar da ke a busasshen wuri bijimai za su kwana da ƙishi, gobe ba za su ja ba. Ya sa na rantse."

Orpha ta zauna a ƙasa, moɗar ta kife. Sannan ta ce, "Bai ce komai a kaina ba?"

"Ya yi ta sauraron muryarki. Ya ce kina dukan jan bijimin nan a banza, baƙin na hagu shi ne malalacin."

Dariya ta kufce mata, ta koma kuka, irin wanda ta riƙe tun Laraba. Tsohuwa ta bar ta ta yi mai isarta.

Da suka tashi haƙa sai suka tuna shebur yana can a kafe kan tarin ƙasar kabarin farko. Da gatari da kaskon suya suka yi aikin, Orpha tana sara, tsohuwa tana kwasa a durƙushe. Suna cikin haka Orpha ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Jiya na so ya mutu da wuri. A raina na faɗa."

"Ni na binne miji da 'ya'ya huɗu," in ji tsohuwa. "Babu ko ɗaya da ban gaji da jiransa ba, babu kuma wanda ba na kukansa har yau. Sara nan, akwai saiwa."

Ramin bai wuce gwiwa ba. Suka naɗe shi a bargon aurensu suka sa shi, tsohuwa ta karanto abin da ta iya tunawa na Zabura, rabi daidai rabi nata. Da safe Orpha ta kora bijimai ta bi ta kan kabarin da amalanke sau uku, don ƙasar ta danne kada kyarketai su tone. A karo na uku ta rufe idonta.

Yammacin Asabar suka hango hayaƙin ayarin. Delia ce ta fara gane bijimansu, ta sheƙo da gudu, ta wuce uwarta ta hau ƙafar amalanke ta leƙa ciki. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta sauko ta zo ta kama siket ɗin uwarta.

Burdett ya ce zai nemo wanda zai riƙa kora mata bijimai. Orpha ta ce a bar shi, ta iya. Ita ta kora su sauran wata huɗun tafiyar. Tsohuwa Keziah ba ta koma amalanken surukinta ba, tare suka ci gaba har bakin kogin Snake, inda zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu ya ɗauke ta. Orpha da Delia suka shiga Oregon a ƙarshen Oktoba, ana ruwan sama, da bijimai uku da saniyar aro ta cike na huɗu a karkiya.