Darasin Gwaggo na Ƙarshe

Shugaban makarantar likitancin dabbobi ya cire murfin robar da ke kwiɓin saniyar, ya zura hannu cikin tumbinta har gwiwar hannu, sai ya tsaya cak. Tumbin da ya saba samu cike da ɗumi yana motsi, yau ya same shi kamar buhun da aka zazzage.

Shi da kansa ya buɗe mata wannan taga, tun yana sabon malami, don ɗalibai su taɓa da hannunsu yadda Mahalicci yake mayar da ciyawa madara. Ɗalibai suka sa mata suna Gwaggo. Sukan ce ta yaye likitoci fiye da kowane farfesa, kuma ba ta taɓa kayar da kowa a jarrabawa ba.

Da tattalin arziki ya karye, aka zaftare kasafin makarantar. Aka kashe ɗakin sanyi, aka sallami masu yankan ciyawa, mai kawo dusa ya daina zuwa. An sayar da garken duka, sai Gwaggo. Babu mai sayen tsohuwar saniya mai rami a ciki, namanta kuma bai ciwuwa saboda magungunan da take sha. Shugaba ya daɗe yana ciyar da ita daga aljihunsa, har albashin ma ya koma sai an ga dama.

"Baba Malam, na san nan zan same ka."

Malamar da ke koyar da sassan jikin dabba ce, tsohuwar ɗalibarsa. Ta jingina da ƙofar garken, ta ƙi kallon saniyar.

"Na fito daga wurin ma'aji," ta ce. "Ya ce ko buhun dusa ɗaya ba za a ƙara saya ba. Na tambaye shi gawar da 'yan ajin ƙarshe za su feɗe, ya ce in zana musu a allo."

"To, ki zana. Hannunki ai ya iya."

"Baba, likitan da bai taɓa ganin cikin saniya ba sai a allo, za ka ba shi taka ya buɗe? Yaran nan sun kusa fita. Dabbobin talakawa za su je su taɓa."

Ya mayar da murfin a hankali. "Faɗi abin da ya kawo ki, 'yata."

"Ka riga ka sani."

"Na sani. So nake ki ji nauyinsa a bakinki."

Ta juya ta share ido da gefen mayafinta.

A ofis ya kira wani tsohon ɗalibinsa mai babbar gona. Bayan gaisuwa ya sauke girman kai, ya roƙe shi ya karɓi saniyar.

"Gwaggo tana nan da rai? Ikon Allah!" in ji mai gonar, yana dariya. Sai muryarsa ta sauka. "Malam, wallahi kunyarka nake ji. Shanuna na sayar, rumfunan ma na ba masu gyaran mota haya. In na ce ka kawo ta, yunwar nan dai za ta tarar."

"Allah ya mayar maka da alheri."

"Amin, Malam. A shafa mini kanta."

Da ya idar da sallar azahar bai tashi daga kan darduma ba. Ya san dabbar da aka ɗaure amana ce, kuma wanda ya tsare ta, bai ciyar da ita ba, bai sake ta ta nema ba, akwai ranar da zai amsa tambaya. Ita kuwa ko an sake ta, haƙoranta sun ƙare, tagar kuma kullum sai an wanke. Ya nemi hanya ta uku, ya juya ta ko'ina, bai samu ba. Ya daɗe yana istigfari. Sannan ya aika wa malamar cewa a tara ɗalibai a ɗakin fiɗa bayan la'asar, domin babu ɗakin sanyin da za a ajiye komai zuwa gobe.

Ya koma garken da ragowar dusar da ya yi ta tsimi, ya juye mata duka, ya jiƙa da ruwa. Ta ci a natse, tana lumshe ido. Da ta gama ta lashi hannun rigarsa, tana neman ƙari.

Ba ta yi gardama ba da ya kama igiyarta. Hanyar ta saba da ita. Tana jin hayaniyar ɗalibai ta ƙara sauri, ta shiga ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum, ta juya musu kwiɓinta mai taga.

Wani dogon ɗalibi da ake kira Sarkin Surutu ya ɗaga murya daga baya: "Gwaggo, an rame! Ke ma ba a biya ki albashi ba ne?"

Aka yi dariya. Dariyar ta mutu da suka ga abin da ke kan tire.

Malamar ta miƙa hannu za ta ɗauki allurar kashe dabba da ke kan tiren. Shugaba ya girgiza kai.

"Wanda ya ɗaure shi ke kwancewa."

Ya shafa wuyan saniyar har ya sami jijiya, ya ambaci sunan Allah, ya soka allurar. Ta durƙusa a hankali, ta kwanta, ta ja dogon numfashi. Ya sa abin sauraron ƙirji, ya saurara fiye da yadda aikin yake bukata. Da ya tabbatar zuciyarta ta tsaya, ya miƙe.

Malamar ta ɗauko wuƙar fiɗa ta miƙa wa ɗalibin da ke gaba. Ya noƙe hannu. Ta miƙa wa ta kusa da shi, ita ma ta ja da baya tana kuka. Duk ajin ya manne da bango.

"Yallaɓai, a gafarce mu," in ji Sarkin Surutu. "A hannunta muka koyi komai. Mu dai a bar mu mu haƙa rami mu binne ta. Mun yafe darasin."

Shugaba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da zuciyarsa take so kamar ya ce to. Ya dubi tagar ɗakin, ya ga rana ta yi sanyi, ɗakin kuma ba wutar lantarki.

Ya sa safar hannu, ya karɓi wuƙar daga hannun malamar, ya durƙusa a gefen Gwaggo. Da ya yi magana, da muryarsa ta aji ya yi, sai dai ta dushe.

"Ku buɗe littattafanku. Kai dogo, zo ka riƙe mini nan. Ku matso sosai, ku buɗe ido. Wannan darasin ba za ta maimaita muku ba."