Muryar Baba Ta Makara

A gidansu Injiniya ake ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da caja, inda yake juye tsofaffin kaset da bidiyon waya zuwa faifai. Sana'ar ta kama hanyar mutuwa, shi ma ya sani. Masu zuwa wurinsa yanzu tsofaffi ne kawai, irin waɗanda ba sa yarda abu ya tabbata sai sun riƙe shi a hannu sun tura shi cikin na'urar da ke ƙarƙashin talabijin.

Baffansu yana cikin irin waɗannan tsofaffin, abin da ya jawo maganar faifai ke nan tun farko.

Mahaifinsu ya rasu wata huɗu da suka wuce, ya bar gida ɗaya da 'ya'ya uku. Yaya Babba, wanda tun suna yara yake magana kamar shi ya haifi kowa, ya samo mai saye da zai rushe gidan ya jera shaguna. Auta kuwa, ƙanwarsu, a ɗakuna biyu na baya take zaune da 'ya'yanta biyu tun rasuwar mijinta. A nan keken ɗinkinta yake, kuma ita ta yi jinyar tsohon har ya cika. Ta ce Baba ya faɗa da bakinsa cewa ɗakunan nan nata ne, kada a sayar da gidan a kanta, ta kuma ɗauke shi a waya yana faɗa. Yaya Babba ya yi dariya, ya rantse a gaban Baffa cewa in har ya ga Baba ya faɗi haka, ya kuma ji da kunnensa, to ya fasa cinikin. Ya rantse ne don bai zaci akwai wani bidiyo ba.

Akwai shi. Wayar dai ta daɗe da faɗawa cikin bahon wanki ta mutu, amma Injiniya ya ciro ɗan katin ajiyar da ke cikinta ya jefa a durowarsa, bai taɓa buɗewa ba. Baffa ya ce shi ba zai ƙura wa wani mitsitsin gilashi ido a kan maganar ɗan'uwansa ba. A sa a faifai, ranar Asabar kowa ya zo falonsa a kalla a babban talabijin.

Kwana uku aikin ya ci wa Injiniya, faifai biyu suka lalace. Na farko, da yake a tsaye Auta ta riƙe wayar, na'urar ta ja hoton gefe da gefe don ya cika allo, fuskar Baba ta fito faffaɗa kamar faranti. Ya jefa shi a kwandon shara da sauri, kamar wani zai gani. Na biyu hoto ya zauna daidai, amma sauti ko tari babu, domin irin sautin da waya ke ɗauka tsohuwar na'ura ba ta san shi ba. Ya raba sautin da hoton, ya juya shi zuwa irin wanda faifai ke karɓa, ya sake haɗa su ya buga na uku.

Yana da doka guda a shagon nan, wadda yake taƙama da ita a gaban kowa: faifai ba ya fita daga hannunsa sai ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Ya sha zama awa biyu yana kallon taron mutanen da bai sani ba suna ta jawabin banza, don kawai kada a dawo masa da aiki. Ya tura na ukun a na'urar shago, ya jawo kujera.

Ga Baba a bakin gado, an tokare shi da matasai biyu, hula ta karkace. Yana ƙorafin famfon bayan gida da ke yoyo, yana tari, yana faɗan mai gyaran famfo da ya ce zai zo bai zo ba. Baki da murya tare suke tafiya, ba abin da za a kushe. A minti na biyar tsohon ya ɗago ya dubi wayar, ya tambayi ina Injiniya, kwana biyu bai leƙo ba. Aka ji muryar Auta daga baya tana cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Ba aiki ba ne. Warin ɗakin jinya ne ba ya so, da ganin mahaifinsa ya koma ƙashi da fata. Kunya ta rufe shi a cikin shagonsa, shi kaɗai. Ya danna tsayawa, ya zare faifan, ya ce wa kansa ai ya gani, lafiya lau yake. Ya rubuta "Baba" a kai da alƙalami baƙi ya saka a kwalinsa.

Ranar Asabar da hantsi suka hallara. Baffa ya cire ƙyallen da yake rufe talabijin da shi ya ninke, ya zauna a kujerarsa mai hannu ya gyara tabarau. Yaya Babba ya harɗe yana kaɗa makullin mota. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta sa hannuwa a cinya. Da fuskar tsohon ta bayyana, makullin ya daina ƙara. Tambayar nan ta minti na biyar ta zo ta wuce, Injiniya ya sunkuyar da kai, ba wanda ya dube shi.

A minti na goma sha biyu wuta ta ɗauke a cikin bidiyon. Ɗakin Baba ya dushe, sai ɗan hasken taga. Ba a jima ba idon Injiniya ya riga na kowa gani: bakin ya fara rigan muryar.

Ya san abin da ya faru tun kafin ya gama ganinsa. Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna da ake jerowa da sauri, kuma faifai ba ya son wasa, adadi ɗaya yake so a kowane sakan daga farko har ƙarshe. Waya kuwa ba ta da wannan tarbiyyar. In haske ya ragu sai ta riƙa tsallake hoto nan da can, ba ta gaya wa kowa ba, sauti kuma yana tafiyarsa. Manhajar da ya yi amfani da ita ta jera hotunan da ta samu bi da bi kamar ba wanda ya ɓace, sai hoto ya gajarta, murya ta koma bin sa a baya. Abu ne da ya gyara wa baƙi ya fi sau ɗari.

Da farko ɗan ƙiris ne, kamar mai tauna magana. Zuwa minti na ashirin Baba yakan buɗe baki ya rufe kafin a ji abin da ya ce. Baffa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Zuwa na ashirin da takwas tazarar ta kai sakan tara. Tsohon ya yi ta motsa baki ba sauti, ya ɗaga yatsa, ya sauke, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya kafa kai. Yana cikin shan ruwa, maƙoshinsa na hawa da sauka, muryarsa ta cika falon sarai:

"Ɗakuna biyu na baya na Auta ne, ta zauna iya ranta. Kada a sayar da gidan nan a kanta."

Yaya Babba ya miƙa hannu ya tsayar da faifan. Hoton ya daskare, kofi a bakin Baba.

"Baffa," in ji shi a hankali, "ka taɓa ganin mutum yana shan ruwa yana magana?"

Injiniya ya miƙe ya shiga bayani. Ya yi maganar haske da hotunan da waya ke tsallakewa, ya ƙirga da yatsu, ya maimaita. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk kalmar da ya ƙara sai ya ƙara kama da maƙaryaci. Baffa yana kallonsa da irin kallon da ake yi wa mai tallan magani. Yaya Babba ya bar shi ya gama, sannan ya tuna wa Baffa bikin yaye ɗalibai na makarantar 'yarsa, lokacin da iska ta ɓata jawabin shugaba, Injiniya ya sa mutumin ya sake karantawa a shago ya ɗora a kan hoton, ya kuma yi wata guda yana bugun ƙirji cewa ba mahaluƙin da zai gane. Wannan ma gaskiya ne.

Injiniya ya ce to a zo a ga na asali. Yaya Babba ya tambaya a ina. A kwamfuta. Ta wa? Tasa. Wayar fa? Ta mutu. Katin fa, a hannun wa ya kwana tsawon watannin nan? A nasa. Auta ta ce ita ta riƙe wayar da hannunta, ta ji da kunnenta. Yaya Babba ya ce ai ba ya zarginta, ita baiwar Allah ce, mai ɗakuna ba ya zama shaidar ɗakuna dai. Baffa ya tashi ya mayar wa talabijin ƙyallensa.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Injiniya rai. Ranar Litinin da safe ya buɗe na asali, ya umarci manhajar ta bi lokacin kowane hoto, ta cike gurbin waɗanda suka ɓace da maimaicin na kusa da su, adadi ɗaya a kowane sakan. Wani ɗan akwati ne kawai a cikin manhajar da ake sa wa alama. Ya buga faifai na huɗu, ya ja ƙofar shagon ya kalle shi har ƙarshe, sau biyu. Yanzu Baba ya faɗi maganarsa da bakinsa, yatsa a sama, ya gama, sannan ya sha ruwansa. Bayan nan akwai sauran abin da ba wanda ya kai gare shi a falon Baffa. Tsohon ya goge baki ya ce wa Auta ta kai wa Injiniya wannan abin da take ɗauka ya adana, shi ya san kansa, ba zai bari ya lalace ba.

Injiniya ya ɗauki faifan ya tafi gidan Baffa a ranar. Tsohon bai ƙi ba. Ya zauna ya kalla duka, har ya share ido a wurin maganar famfo. Da ya ƙare ya jinjina kai ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, wannan karon an dace da bakin.

"Ba na ce ka yi ƙarya ba, ɗana. Amma faifai biyu na gani daga hannu ɗaya. Wanne zan dafa in rantse?"

Ya ƙara da cewa ya riga ya gaya wa Yaya Babba ya ci gaba da abin da yake yi, za a ba kowa rabonsa, Auta ma za ta samu abin kama haya. Shi kuwa Yaya Babba ko karɓar faifan bai yi ba. Ta tagar mota ya ce wa ƙaninsa ya bari sai ya buga na gaba, ya tabbata zai fi wannan kyau.

Bayan sati uku aka ba Auta ranar tashi. Injiniya ya rufe shago ya je taya ta kwashe kaya. Ya tarar an cire labule, an naɗe katifu, keken ɗinki yana tsakar gida an ɗaure shi da igiya. Tun ranar Asabar ɗin nan ba ta ce masa komai a kan faifan ba, ta ci gaba da gaishe shi kamar kullum, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Suna cikin kwance notocin gadon ƙarfen da Baba ya yi jinya a kai, ita a kai shi a ƙafa, ta yi tambayar ba tare da ta ɗago ba.

"Yaya, wancan na farkon, ka kalle shi har ƙarshe kafin ka kawo?"

Yana iya cewa na'urar Baffa ce ta tsufa. Yana iya cewa faifan ne ya zo da matsala daga kamfani. Ba ta san komai a kan waɗannan abubuwa ba, da ta yarda, kuma sanin cewa za ta yarda ne ya hana shi.

"Minti biyar na kalla."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da murɗa noti har ya fita, ta saka shi a aljihun rigarta.

"Minti talatin da ɗaya ne duka," ta ce. "Ni shekara shida na yi ina kallonsa, har ƙarshe."

Sannan ta ce ya kama can su fitar da gadon, mai mota yana jira.