Wasiyyar Mai Kyamara

Jirgin ruwa ya wuce tsibirin Apolima lokacin da na sake duba kayana. Kwamfuta. Wayar caji. Katan ɗin kifin gwangwani. Baƙin zanin zaman makoki, wanda ban gaya wa kowa na ɗauko ba.

Leitu ce ta kira ni da safe. "Siaki, Baba na nemanka. Ya ce ka zo da kwamfutarka, iliminka kuwa ka bar shi a Apia."

Babanta Malaki maƙwabcinmu ne a tsibirin Savai'i. Tun kafin a tura ni karatu Dunedin, shi ke ɗaukar bidiyon kowane aure da kowace jana'iza a ƙauyenmu, ya aika wa dangi a Auckland da Sydney, su ga wanda ya kawo tabarmar girma da wanda ya zo hannu rabbana. Na dawo na tarar yana nan yana yi, sai dai kaset ya koma kati.

Na same shi kwance a rumfar gidansa. Ya rame ƙwarai.

"Ga Bature," in ji shi. "Sanyin can bai kashe ka ba. Zauna, kana tare mini iska."

Wasiyya ya ɗauka a bidiyo. Numfashinsa ba ya kai shi nisa, shi ya sa ya yi ta guntu-guntu: ya faɗi magana biyu, 'yarsa Leitu ta kashe kyamara, ya huta, a sake kunnawa. Yanzu hannunsa ba ya iya danna komai.

"Haɗa mini su. Haɗawa na ce, ba ɗumame ba."

Ɗumame yake kiran sake matse bidiyo. Ya tsani abin. Yakan ce duk hoton da ya koma tukunya, fuskar mutum ce ke fara narkewa.

Na shiga ɗakin aikinsa, na jera guntayen, na umarci kwamfuta ta kwashe hoto da murya yadda suke ta zuba a sabon fayil. Duk suka bi juna lafiya. Da aka zo na ƙarshe, hoto ya daskare, murya ta ci gaba ita kaɗai.

Na fito da kwamfutar na nuna musu. Leitu ta dafe kai. A ranar batirin kyamara ya mutu, da wayarta ta ɗauki wannan.

"To ai shi ma MP4 ne, Baba. Ga shi a rubuce."

"Sunan akwati kika karanta. Akwati ɗaya ne, naɗin kayan ciki ne daban. Kyamarata da irin nata naɗin, wayarki da nata. Tun kina goye nake faɗin wannan."

"Ina goye ina jin barci."

Na ce zan iya sake matse wannan guntun shi kaɗai ya dace da sauran. Aikin ɗan lokaci ne.

Ya kalle ni. "Ka ji abin da ke cikinsa?"

Na ji. A guntun ne ya ce Leitu ta zauna a gidan ita da 'ya'yanta, kada wanda ya tashe ta. Kowa a ƙauyen ya san babban ɗansa Uelese, da ke Sydney, yana son rushe rumfar ya gina ɗakunan baƙi a bakin ruwa.

"Uelese yana da ido," in ji Malaki. "Ni na koya masa. Zai ga launi ya sauya, murya ta sauya, daidai inda aka ambaci gida. Sai ya ce ƙanwarsa da Bature ne suka dafa. Ɗauko kyamara."

"Baba, ba ka da numfashin," in ji Leitu. "Gidan ya tafi mana. In gida ne, zan koma wajen Inna Fuatino."

"Ba da ke nake ba. Da kyamara nake."

Ya sa ta kawo rigar da ya saka a sauran guntayen, mai zanen ganye. Muka jingina shi da ginshiƙi. Na kafa kyamara, ya daka mini tsawar da ba ta fi raɗa ba.

"Teku a bayana? So kake in fito inuwa tun ban mutu ba? Juyo nan. Kada ka taɓa mata komai, yadda na saita ta haka za ta tsaya."

Na kunna. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya ce, "Gidan nan," sai tari ya kama shi. Tari mai tsawo, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Leitu ta yunƙura. Ni ma na kai hannu zan kashe, ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Muka tsaya. Kaza ta ratsa tsakar gida. Da tarin ya lafa, ya goge baki, ya dubi kyamara ya ƙarasa maganar, kalma bayan kalma, har sunayen jikokinsa.

"Kashe," in ji shi.

Wannan karon haɗin bai yi gardama ba. Na riƙe masa kwamfutar a ƙirji, ya kalli wurin da sabon guntun ya shiga. Ya sa na maimaita.

"Ina ɗinkin?"

"Babu, Baba."

"To ba a yi asarar kuɗin makarantarka duka ba."

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, ana waƙa a coci. Leitu na riƙe da hannunsa. Ni ina waje ina fasa kwakwa.

Uelese ya sauka da katan-katan na naman gwangwani da baƙin tabarau. Ya yi kuka a kan gawar, kukan gaske. Daga baya ya same ni a ɗakin aiki ya ce in kunna masa wasiyyar. Ya kalla a tsaye. Da aka zo guntun ƙarshe ya matso da fuskarsa dab da allon, ya mayar baya, ya sake mayarwa. 

"Aikinsa ne," in ji shi daga ƙarshe. Ya share hanci. "Amma ƙanena, tarin nan fa? Mutum mai girma kamar Baba, a nuna shi haka gaban dangi? Yanke daga inda ya fara tari. Abin da ya rage maganar cikin gida ce, za mu yi ta tsakaninmu. Ka matse sauran ya yi ƙarami, a tura wa mutane a waya."

"Ana kiranka a waje, Yaya."

Da gaske ana kiransa. Dangin mahaifiyarsa sun iso da tabarmi, mai jawabinsu ya riga ya kafa sandarsa a tsakar gida. Ta taga na hango Leitu a durƙushe tana jera kofuna a faranti, ƙaramar 'yarta na miƙo mata ɗaya bayan ɗaya.

Uelese ya fita. Na rufe ƙofar, na sa sakata. Gobe gaban dangi zan kunna bidiyon daga farko har ƙarshe, da tarin da komai.