Baƙin Sassaƙen Baba

A wurin aiki Dakta ake ce mata, a gida kuwa Auta ce, kuma har ta haura shekara arba'in babu wanda ya ga dalilin canza mata suna. Aikinta binciken magunguna ne a wata cibiya da ke hawa na uku na wani dogon gini, inda ake niƙa ganye da saiwa da ɓawon itace, a tatso abin da ke cikinsu, a gwada a kan ƙwayoyin cuta. Yayanta, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan ce ai aikinsu ɗaya da Baba, bambancin kawai shi Baba ba ya sa farar riga, kuma marasa lafiyarsa suna warkewa.

Baban nasu kafinta ne. Ba ya cikin masu maganin nan da za su ce maka ƙullin garinsu ɗaya yana maganin ciwon kai da basir da rashin sa'a. Abu ɗaya ya sani, maganin gyambo, irin wanda yake cin ƙafa wata da watanni ya ƙi rufewa. Akwai wata bishiya a ƙarshen layinsu, bayan shagonsa, wadda yake kira Tsohuwa. Daga jikinta yake samo sassaƙe, wato ɓawon da ake sarowa don magani, ya daka, ya wanke ciwon, ya barbaɗa, ya ɗaure. Tun Auta tana ƙarama take ganin mutane suna zuwa da ƙafa a naɗe da tsumma, suna zama a kan bencin da bai gama gogewa ba, bayan makonni su dawo da takalmi a ƙafar. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsa kuwa, ba ya jin nauyin ce masa ya wuce asibiti.

Abin da ya kai ta wannan karatu ke nan. Don haka da ta samu teburinta a ɗakin gwaji, bishiyar Baba ta fara kawowa, Farfesan da ke shugabantarsu ya amince. Ranar da za ta zo da manyanta ɗibar ɓawon, Baba ya share shago har ƙarƙashin teburin aiki, ya sa rigarsa ta fita, ya hana kowa taɓa zarto. Suka iso su uku a motar cibiya, da safar hannu da ledoji masu lamba. Bayan gaisuwa Baba ya ɗauko wani ɗan buhu daga saman kanta, ya kwance bakinsa a gabansu yana murmushi. Abin da ke ciki baƙi ne ƙirin, ya marmashe, yana warin ɗakin da ya daɗe a rufe.

Farfesa ya leƙa, ya ɗago ya dubi Auta. Su a ƙa'idarsu, abin da za a gwada dole ne ya zama lafiyayye, babu funfuna, babu cin ƙwaro, kuma da hannunsu za su ciro shi daga jikin bishiya. Ƙa'idar ba ta wauta ba ce, ta hana ɓarna da yawa. Amma Auta a ranar ba ƙa'ida kaɗai ta tuna ba, kunya ce ta rufe ta, kunyar buhun da warinsa a gaban manyanta. Ta rage murya ta ce, "Baba, wannan ya lalace. Bari mu saro sabo."

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi baƙin, sai ya ɗaure buhunsa ya mayar inda ya ɗauko. Shi ya yi musu jagora har gindin Tsohuwa. Jikinta duk tabo ne daga ƙasa har inda hannun mutum ke kaiwa, suka zagaya sau biyu ba su ga wuri mai kyau ba, sai da Baba ya koma shago ya kawo musu tsani. Can sama suka sami ɓawo fes, suka saro, suka zuba a leda. Daga nan suka zaunar da shi suka cika takardarsu: sunan bishiya, wane ɓangare ake amfani da shi, ɗanye ko busasshe, sau nawa a rana. Duk abin da aka tambaye shi ya amsa. Abin da ba shi da gurbi a takardar, ba wanda ya tambaya.

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana shafa ƙwayoyin cuta a kan wani ɗan faranti, a ɗiga ruwan maganin a tsakiya, a rufe, a bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi. In maganin yana aiki, washegari za a ga fili tas ya zagaye ɗigon, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Shekara biyu Auta tana buɗe faranti. Ta tatso da ruwan zafi, ta tatso da ruwan sanyi, ta tatso da duk sinadarin da ke kan kantarsu. Ƙwayoyin nan ko a jikinsu, har kan ɗigon suke hawa. A ƙarshe Farfesa ya ce ta rubuta rahoto ta rufe maganar, akwai wasu bishiyoyin a duniya.

Da kanta ta je ta gaya wa Baba, kuma cikin ladabi ta faɗa, wanda hakan ya fi zafi. Ta ce mai yiwuwa wankin da yake yi wa ciwon da ɗaurin da yake yi ne suke warkarwa, ba sassaƙen ba. Ya daɗe yana juya fensirin da ya ciro daga bayan kunnensa. Tambaya ɗaya ya yi mata, ko ta tabbata ta auna da kyau. Ta ce ta tabbata. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe shekara arba'in yana ɓata wa bayin Allah lokaci.

Daga ranar bai ƙara ba kowa magani ba. Umma ta yi faɗa har ta gaji, ta ce idonta ya ga ƙafafun da suka warke, ba ta buƙatar faranti ya gaya mata. Shi kuwa ya ce shi ya tura yarinyar nan karatu, ba zai tura ta ba sannan ta dawo da abin da ta gano ya ce bai yarda ba. Masu gyambo suka yi ta zuwa yana sallamarsu, har suka daina zuwa. Auta ta ji ciwon abin, amma ta lallashi kanta da cewa gaskiya ta faɗa.

Bayan shekara biyar mantuwa ta fara kama Baba. Da farko inda ya ajiye guduma ne, sai sunayen maƙwabta, sai wata rana ya tsaya a bakin shagonsa yana tambayar masu wucewa na wane ne. Aka rufe shagon. Yaya ya daina tsokana a gidan.

Wata Asabar Auta ta zo ta tarar Umma tana kwashe kayan shagon saboda rufin ya fara yoyo. Ta ciro buhun nan daga saman kanta, ta kakkaɓe ƙura, ta tambaya ko a zubar. Kafin Auta ta amsa, Umma ta ci gaba da magana ita kaɗai, irin ta wanda hannunsa ke aiki. Ta ce kaico, wahalar da mutumin nan ya sha a kan abin nan, ya je ya tsaga bishiya, ya dawo ya yi ta ƙirga kwanaki, ya koma ya duba ko wurin ya yi baƙi, in bai yi ba ya ƙara jira.

Auta ta tsaya cak da tsintsiya a hannu, ta tambayi wane jira. Umma ta dube ta da mamaki.

"Au, ba ki sani ba? Ai ba ya ɗibar lafiyayyen ɓawo. Rauni yake yi mata, sai bakin raunin ya yi baƙi yake kankarowa. Shi ne ya miƙo muku ranar nan kuka ce ya lalace."

Auta ta jingine tsintsiyar. Ta san wannan. Ta san wasu itatuwa in aka ji musu rauni sukan tara abin kare kansu a bakin raunin, abin da ba a samu a lafiyayyen jikinsu. Tana ma koya wa ɗaliban da ke zuwa cibiyarsu, har takan sa shi a jarrabawa. Amma ranar da suka zo da Farfesa ta zagaya bishiyar nan sau biyu tana kallon tabon da hannun ubanta ya yi, ta hau tsani don ta guje musu. Ta tambayi Umma me ya sa bai faɗa ba. Umma ta ce ta tambaye shi a lokacin, ya ce ba zai gyara wa 'yarsa magana a gaban manyanta ba. Da sakamako ya fito kuma, ya ɗauka in dai injinan nan ba su ga komai a bishiyar ba, to babu komai a cikinta.

Abin da ya rage a buhun bai cika kofin shayi ba. Ta ɗebi kaɗan ta kai ɗakin gwaji ranar Litinin, ba ta gaya wa kowa ba. Talata da safe ta buɗe farantin. Fili ne tas ya zagaye ɗigon, mai faɗin da ba ta taɓa gani ba daga wani ganye ko saiwa. Ta maimaita sau uku, sau uku yana fitowa. Ta ja kujera ta zauna, ta cire safar hannu, ta yi kuka a gaban firji, abokan aikinta suka yi kamar ba su gani ba.

Ta ɗauka sauran aikin mai sauƙi ne. Ta je ta tsaga Tsohuwa da kanta, wani wurin sama-sama, wani da zurfi. Ta kankaro bayan kwana uku, bayan bakwai, bayan ashirin. Wasu raunukan suka bushe fari, wasu suka ruɓe, wanda ya ɗan yi duhu kuma bai tsinana komai a faranti ba. Umma ta ce ta san yakan shafa wani abu a raunin daga wani ɗan gwangwani, amma ba ta san mene ne ba, kuma akwai watannin da ba ya zuwa wurin sam. Yaya ya ce shi tun yana yaro warin yake gudu. Wata huɗu tana wannan, garin da ke buhun yana raguwa da kowane gwaji. Duk duniya mutum ɗaya ya san zurfin tsagar da yawan kwanakin da abin da ke cikin gwangwanin, kuma yana zaune a barandar gidansu.

Ta daɗe tana jan ƙafa, don ba tambaya kaɗai za ta kai masa ba. Umma ta ce ta zo da hantsi, lokacin ne hankalinsa yake ɗan dawowa. Ta same shi a kan kujerar da ya ƙera da hannunsa, yana shafa wani guntun katako da tafinsa kamar mai neman inda bai yi santsi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'ar da yake yi wa kowa yanzu. Ta zuba ɗan garin a tafin hannunta ta miƙa masa.

Ya ajiye katakon. Ya ɗebo da yatsa biyu ya murza, ya kai hanci, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ya nuna sosai, wanda ya kankaro shi ya san aiki. Auta ta gyara durƙuso. A hankali, kamar mai gudun kada ta tashi jariri, ta tambaye shi kwana nawa ake jira bayan an tsaga. Ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu, leɓensa yana motsi. Umma da ke bakin ƙofa ta matso kusa. Ya lanƙwasa na huɗu, sai ya tsaya, ya sauke hannun, ya leƙa ƙafafunta ya tambaye ta ina ciwon yake.

Ta ce ba ta da ciwo, tana so ne ta koya. Ya girgiza kai, ya kama hannunta ya rufe mata yatsu a kan garin.

"Baiwar Allah, kada ki wahalar da kanki. Ba ya magani. Ina da 'ya, babbar likita ce, ta kai shi wurin aikinsu ta auna shekara biyu cur. Babu komai a ciki."

"Baba, ni ce. Ni ce Auta. Yana magani, na gani da idona. Kai ne da gaskiya, ni ce na yi kuskure. Ka yafe mini."

Ya dube ta da kyau, ya daɗe yana dubawa, har ta fara sa rai. Sai ya yi 'yar dariya ta tausayi, irin wadda ake yi wa baƙon da bai san gari ba.

"Ba ki san Auta ba ne," in ji shi. "Ita ba ta kuskure."

Ya juya ya ce wa Umma a samo wanda zai raka matar nan asibiti tun ciwon bai ci ƙarfinta ba, sannan ya ɗauki katakonsa ya ci gaba da shafawa.