Kwat Ɗin da Kaka Bai Taɓa Sawa Ba

Mai hoto ya ja tsohon hoton ya cika fuskar kwamfuta, ya karkata kai yana kallo.

"To, direba, me za mu cire, me za mu bari?"

"Kawu ya ce a cire shebur da takalman roba. A sa masa kwat."

"Ramin da ke bayansa fa?"

"Shi ma."

"Wato fuska kawai kuke so. Sauran mutumin ku bar mini shi ladan aiki." Ya yi dariya, da ya ga babu mai taya shi sai ya kama aikinsa.

Shagon ƙarami ne, ba taga, fanka tana juya zafi daga wannan bango zuwa wancan. Direban ya zauna a kan benci yana kallon yadda ake goge kakansa tun daga ƙafa. Wannan ne kaɗai hoton tsohon a duniya: yana tsaye bakin magudanar ƙazanta ta birni, rigar aiki jiƙe har ƙirji, yana murmushin mutumin da aka kama ba shiri. Wani abokin aikin tsohon ne ya kawo wa direban bayan rasuwar. Da ya san abin da zai biyo baya, da bai nuna wa Kawu ba.

Gobe Kawu zai buɗe sabon ofishinsa, kuma yana son hoton mahaifinsa a ɗakin karɓar baƙi. Da safe direban ya gwada magana, idonsa a kan titi.

"Kawu, da an bar shi yadda yake."

"Ba ƙarya na ce a yi ba, gyara na ce. Kai ka fi ni son ubana ne?"

Direban ya ci gaba da tuƙi. Motar ta Kawu ce, ɗakin da yake kwana da matarsa da yaransa a bakin ƙofar gidan Kawu yake. Bakin da ya ci ba ya musu.

Amma ba wannan ne ya fi ɗaure shi ba. Kaka ne ya raine shi tun yana maraya, ya san abin da tsohon ke yi kullum idan an tashi aiki. Ba ya kama hanyar gida. Sai ya je famfon bayan tashar mota ya cuɗa jikinsa da sabulu har fata ta yi fari, ya bar kayan aikin wajen mai gadi, ya ciro farar riga daga leda ya sa. Haka yake shigowa unguwa, tsaf, yana ɗaga wa mutane hannu. Wata rana direban yana ɗan makaranta ya hango shi cikin rami, baƙin ruwa iya ƙugu, ya ƙwala masa kira. Tsohon bai ko ɗago kai ba. Da yamma ya zaunar da shi a cinya, ya ɓare masa lemo.

"Wanda ka gani a rami ba kakan kowa ba ne, abokina. Kakanka ga shi nan."

To wa ke cin amanar tsohon yanzu? Kawu da ke ƙarasa abin da shi Kakan ya fara, ko shi da yake son a rataye a bango abin da mutum ya ƙare rayuwarsa yana wankewa? Ya juya tambayar ta kowace fuska, bai sami ƙofa ba. Abu guda ya sani: ramin nan ne ya saya masa takalman makaranta, kuma ga shi ana shafe shi da shuɗin fenti.

"Tayen wuya ja ko baƙi?" in ji mai hoto.

"Duk wanda ka ga dama."

"Ja ya fi kama da mai kuɗi."

Da la'asar ya biya da hoton gida cikin firam, don Tsohuwa, matar Kaka, ta ce sai ta fara gani. Tana zaune a tabarma tana shafa mai a gwiwa.

"Maigidana ya dawo. Yau ma ba ka kawo cefane ba? Sakinka zan yi."

"Wa zai kwashe ki, Tsohuwa? Ni ɗin dai."

Ya jingina firam ɗin da bango. Ta matso da fuska kusa, ta daɗe tana dubawa.

"Ji shi, kamar zai ba da umarni. Mutumin da akuya ma ba ta jin maganarsa." Ta goge gilashin da gefen zane. Sannan ta dubi ambulan ɗin da ya leƙo daga aljihunsa. "Na asalin ne?"

"Shi ne. Ki gani, ai gwamma ke ki..."

"Mayar da shi."

"Tsohuwa, kin san dai aikin da..."

"Mutumin da ya fita aiki ya dawo yana ƙamshin sabulu, sai an yi mini bayani? Shi ya sha wahalar ɓoyewa, ni na sha wahalar rashin gani, har muka rabu ba wanda ya kunyata wani. Kai ne za ka zo yau ka ɓata mana aiki?"

Ya tura ambulan ɗin ƙasan aljihu.

A ofis ana ta goge tayil, ana jera kujeru. Kawu ya sa direban ya hau tebur da guduma. Ya riƙe ƙusoshi a baki, ya kafa ɗaya, ya rataye firam ɗin.

"Ɗaga hagu kaɗan. Yauwa."

Sabuwar sakatariya ta tsaya a gefe da fayil a ƙirji.

"Kai, tsohon ya iya sa kaya. Yallaɓai, wane aiki ya yi?"

Kawu ya duba wayarsa da ba ta yi ƙara ba.

"Tambayi direba, a hannunsa ya tashi."

Ta ɗaga kai tana jira. Daga kan teburin direban ya dube ta, ya dubi Kawu. Ƙusa biyu sun rage tsakanin leɓunansa. Bai cire su ba.